"Jiki ya fi kunne ji": wai duka ake nufi ko me?

Maman Sadiq: Salam jama'a, don Allah ku raba mu gardama ni da wan mijina. Shekaranjiya yarona ɗan aji 4 ya dawo daga makaranta bayansa duk shatar bulala, guda bakwai na ƙirga, ɗaya har ta fashe ta manne da singileti sai da na jiƙa da ruwan ɗumi kafin ta fita. Laifin wai ya makara. Na ce gobe ƙafata ƙafarsa sai ofishin hedimasta, sai Yaya ya ce in zauna, ai jiki ya fi kunne ji, mu ma haka aka yi mana. Na ce Yaya ba a kan ɗan shekara 9 aka yi wannan maganar ba, ya ce to a kan wa aka yi ta, wlh na rasa amsa na shige ɗaki.

Ɗan Fagge: Yaya ya yi gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da ake miƙewa a asembili, ƙarti huɗu su riƙe hannu da ƙafa, ga mu nan ba mu mutu ba.

Hajiyar Kanti: Tanƙwarawa aka ce Ɗan Fagge, ba a ce a karya ba. Kuma kai ɗin da aka miƙe yanzu a wane asibiti kake likita?

Ɗan Fagge: Hhh Hajiya kin fara ko, ina Kwari ina sayar da yadi alhamdulillahi

Bala Mai Shayi: Ai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba, haka muka taso muka ji. Ni kam bayana gaba ɗaya ya tsira.

Malam Na Zaure: Bala wannan zancen tsofaffi ne na rarrashin almajiri, kar ka kai shi mumbari. Abin da ya zo a Abu Dawud shi ne a umurci yaro da sallah yana da shekara 7, a dake shi a kanta in ya kai 10, to ku lura shekara uku cur ana magana da kunne kafin a zo ga jiki, kuma a kan sallah ne ba a kan latti ba. An hana dukan fuska. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko ɗan aiki da hannunsa ba, Anas ya yi masa hidima shekara 10 ko tsawa bai sha ba. A malamanmu na Malikiyya Ibn Sahnun ya ce malamin yara kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Ibn Khaldun kuma cewa ya yi tsanani yana koya wa yaro ƙarya da munafunci, don ya tsere wa duka. Bakwai har da fashewa dai ban san daga ina aka samo ba.

Jikar Inna: Ni dai ina ganin kun ɗauki karin maganar ta baibai. Kakata Inna, Allah ya jiƙanta, ba ranar da ba ta faɗinta amma ban taɓa ganin ta daki wani ba, muciya dai takan ɗaga ta ajiye. A ƙauyenmu can bayan Gumel ƙanina ba ramin da ba ya zura hannu wai yana neman gafiya, ta hana shi sau ɗaya sau biyu sau uku, ran nan sai ga shi da gudu yana ihu kunama ta ɗana masa, tana ɗaure masa hannu tana shafa magani ko tausayi babu a fuskarta ta ce "to, jiki ya fi kunne ji". Kun gani, bayan abu ya faru ake faɗa, duniya ce ke dukan ba kai ba, ƙanwar jiki magayi ce.

Sai kuma labarin ɗan kawuna, wannan kam har yau in an taru biki sai an tayar da shi. Kullum malamin allo sai ya zane shi wai taurin kai, a biya masa ya yi shiru yana kallon mutane, a kira shi ba ya amsawa sai an yi jifa da carbi. Kawu ya ce a ƙara masa. Inna ba ta ce komai ba sai ta riƙa lura da shi a tsakar gida, ta ga in an kira shi ta hagu ko motsi ba ya yi, in ta dama ne zumbur yake tashi, ashe tun baƙon dauron da ya yi kunnen nan yake zubar da ruwa ba wanda ya kula. Ta sa aka dama fura a sabuwar ƙwarya, ta ƙulle goro biyar a gefen mayafi, ta bari sai da aka tashi yara sannan ta yi sallama a zauren malam. Bayan gaisuwa sai ta yi magana can ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa. Malam ya ce na'am Inna? Ta sake. Ya ce Inna ɗan ɗaga murya. Ta sake dai a haka, har ya matso da buzunsa. Sai ta ce "Malam sau uku ke nan ina magana ba ka ji ba, ka ga na dake ka?" Wai malam ya fi minti biyar kansa a ƙasa. Daga ranar a gabansa yake zaunar da yaron, kunnen dama na wajen malam, kuma a hannunsa ya yi sauka.

Hajiyar Kanti: Allahu akbar, Allah ya kai rahama kabarin Inna. Tsofaffin da ba su da digiri amma akwai kai.

Ɗan Fagge: Amin. Amma wannan Innar taku kullum ita ke cin gardama, ran nan ma a maganar kishiya ita ta ci 😂 Kuma ai wancan kurma ne, a kawo mana labarin mai kunne biyu lafiyayyu da ya ƙi ji.

Bala Mai Shayi: Mai kunne biyu da ya ƙi ji ai mu ne. An ce kar ku karɓi taliya da sabulu, muka karɓa har da atamfa, yanzu ga shi jiki na ji a gidan mai.

Hajiyar Kanti: Wannan kam tsumagiyar kan hanya ce, fyaɗi yaro fyaɗi babba. Su kuwa nasu 'ya'yan suna Ingila inda malami ko ranƙwashi ya yi sai ya rasa aiki.

Bala Mai Shayi: Da za a ba ni dorina a ce in zaɓi mutum uku in miƙe a asembili wlh na san ta inda zan fara, sunansa ya fara da... a'a bari dai, ina da iyali

Ticha Mai Alli: Ku gama dariyarku. Ajina yara 94 ne, ni kaɗai, rabi a ƙasa suke zaune, albashi sai wata ya yi nisa. Ku zo ku yi awa ɗaya da su da "yi haƙuri ɗana". Ban ce a fasa wa yaro jiki ba, ni kamun kunne da tsallen kwaɗo nake sawa, shi ma wata uwa ta zo har aji ta zage ni tas gaban ɗalibai, yanzu yaron ko kallona ba ya yi da mutunci. Abin da ban yarda da shi ba dukan yaro a kan kuɗin makaranta, uba ne bai biya ba. Da mari, don na ga yarinyar da mari ɗaya ya fasa mata dodon kunne.

Lauya Ba Kotu: Maman Sadiq ga abin da doka ta ce, tunda ba a tambaye ni ba. Sashe na 55 na Penal Code, wato kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa, ya ba malamin makaranta damar horon yaron da bai kai 18 ba, da sharaɗin kada ya kai ga mummunan rauni kuma kada ya wuce hankali in an duba shekarun yaro da lafiyarsa. To karaya, ko lalata ido ko ji, wannan ya fita daga horo ya zama laifi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana azabtar da yaro. Gwamnatin Legas ta hana duka a makarantunta, Afirka ta Kudu tun 1996, Kenya 2001. Ki ɗauki hoton bayan yau kafin ya warke, ki fara da hedimasta, in an raina miki hankali akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kuma iyaye a riƙa duba jikin yara lokacin wanka, da yawa ba sa faɗa don tsoron a ƙara musu a gida. Waɗanda aka fito da su da mari a ƙafa daga wani gidan gyaran hali a Rigasa, Kaduna, a 2019 ai yawanci iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Ɗan Fagge: To "ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi" fa? Ita ma Inna ta fassara mana.

Malam Na Zaure: Ƙin da ake nufi a nan hana shi abin da yake so ne, ba wayar wuta ba.

Maman Sadiq: Na je fa ɗazu, da goro kamar Inna 😅 Ashe ba malamin ba ne, wani monita ɗan aji 6 aka ba bulalar ya tsaya a get. Hedimasta ya ba da haƙuri ya ce an karɓe. Amma har yanzu ba ku ba ni abin da zan faɗa wa Yaya ba, ga shi jibi zai zo cin tuwo.

Jikar Inna: Ki yi masa raɗa sau uku

Bala Mai Shayi: Wai tsakani da Allah dorinar da ake sayarwa a kasuwa yanzu ta fatar dorinar ruwa ce ko ta saniya ce ake cutarmu? Don ta zamaninmu in ta sauka sai ka ga taurari da rana tsaka.

Ɗan Fagge: Kawo bayanka a gwada