Waya ka gama biyan kuɗinta amma an kulle ta a layi ɗaya: me doka ta ce?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum masana. Mutum ya sayi waya daga kamfanin sadarwa, ya gama biyan kuɗinta kaf, amma da ya sa wani layin sai ta ƙi karɓa. In ya buɗe ta da kansa, ya taka doka? Na ji an ce an taɓa haramta hakan a Amurka. Kuma ta yaya ake buɗewa ba tare da an illata wayar ba?

Malamin shari'a:
Wa alaikumus salam. An taɓa kuwa. Tushen maganar dokar haƙƙin mallaka ce ta DMCA ta 1998, sashe na 1201, wanda ya hana ƙetare kullen da aka sa wa manhaja. Kullen layi a cikin manhajar waya yake zaune, shi ya sa dokar ta haɗiye shi, alhali don kare fina-finai da waƙoƙi daga masu kwafi aka tsara ta. Duk shekara 3 shugaban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka kan fitar da abubuwan da aka ɗauke wa haramcin. A 2006 da 2010 an ɗauke wa buɗe waya, a 2012 aka janye: duk wayar da aka saya daga 26 ga Janairu 2013 sai da yardar kamfani. Mutane suka yi ca, sama da 100,000 suka sa hannu a takardar koke ga Fadar White House, har Obama ya rattaba hannu kan dokar da ta dawo da damar ranar 1 ga Agusta 2014.

Inda abin ke ci mini rai shi ne, dokar cewa ta yi ba laifi in ka buɗe, ba ta tilasta wa kamfani ya buɗe maka ba. Alkawari ne kawai manyan kamfanonin suka ɗauka ta ƙungiyarsu CTIA. Kanada ta fi kyautawa: tun 1 ga Disamba 2017 ba a sayar da waya a kulle, tsofaffin kuma kyauta ake buɗe su. Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, ita ma ta hana sayar da kullalliyar waya tun Disamba 2021.

Mai gyaran waya:
Malam ya gama da ɓangaren doka. Ga aikin, ɗan'uwa. Fara da latsa *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ƙwaya 15 ce. Da ita za ka nemi kamfanin da ya kulle wayar, ba wanda ya ƙera ta ba.

In Android ce, galibi lambar buɗewa za su turo, ƙwaya 8 ko 16. Ka kashe wayar, ka sa sim na wani kamfani, ka kunna, za ta nemi lambar da kanta. A nan ake yin ɓarna: damar gwaji ƙididdigaggiya ce, wasu 5 wasu 10. Mutum ya yi ta cankar lamba har ta ƙare, sai wayar ta daskare, sai an samo wata lambar daban kafin ma ta sake sauraron ta farkon. In ta ƙi sau 2, tsaya, ka duba ko IMEI ɗin da ka tura daidai ne. Waya mai sim biyu IMEI biyu gare ta, ana yawan tura na kuskure.

iPhone ba ta da lamba ko kaɗan. Kamfani ne ke sanar da Apple, sai wayar ta buɗe idan ta hau intanet da sabon sim. Ɗan siririn faifan nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sim yaudarar wayar kawai yake yi, da an sabunta manhaja yana iya daina aiki.

Mai neman sani:
Na gode ƙwarai. To wadda aka saya hannu, aka buɗe, amma har yanzu ba sabis fa?

Mai gyaran waya:
Abu biyu za a zarga. Ko dai an sa IMEI ɗinta a jerin wayoyin sata ko na waɗanda ake bin bashi, wanda kamfanoni ke musaya ta rumbun bayanan GSMA, ƙungiyar kamfanonin sadarwar waya ta duniya, kuma buɗe layi ba ya goge wannan. Ko kuma wayar ba ta ɗauke da zangon mitar da sabon kamfanin ke amfani da shi, sai ka ga kira na shiga amma 4G babu. Kullen iCloud (asusun Apple) da na asusun Google kuwa wani babi ne daban, sai mai asusun ya cire da kansa ko a kai shaidar saye.

Malamin shari'a:
Kuma don Allah kada wani ya ce zai sauya maka IMEI ka yarda. Buɗe layi daban, sauya IMEI daban. A Birtaniya dokar 2002 ta mai da shi laifin da ke kai mutum gidan yari har shekara 5. In IMEI ɗin na cikin jerin bisa kuskure, wanda ya fara sayen wayar ne zai nemi kamfanin ya cire shi, da rasit a hannu.