Girkinku na farko a sabon gida a ƙasar waje, ya aka ƙare?

Amaryar Manchester: Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi girkina na farko a gidan da muka kama, na ce bari in burge maigida da dafa-duka, na ɗora manja ya yi zafi sosai yadda muke yi a Kano, ko albasa ban zuba ba na'urar hayaƙin nan ta silin ta ɗau ihu, na rasa inda ake kashe ta, ina ta fifita ta da mayafi ga sanyi na buɗe taga ga makwabciya tsohuwar Baturiya tana buga ƙofa. Wallahi kamar in yi kuka. Don Allah ku ma haka kuka fara ko ni ce baƙauyiya?

Maman Biyu, Hambug: Hahaha sannu ƙanwata, ke ai kin samu murhu ma. Mu nan Jamus gidan haya da yawa ba kicin a ciki, bango ne da bakin famfo kawai, kai za ka sayi komai ka kafa. Ranar Asabar da dare muka tare, na ce da safe na fita cefane, ashe Lahadi kantuna a rufe suke. Indomie muka jiƙa da ruwan butar lantarki, muka barbaɗa yajin da Inna ta daka min. Da murhun ya iso kuma sabon salo, irin mai aiki da maganaɗisu ne, tukwanen dalma da na yi dakonsu tun daga kasuwar Kurmi ko ɗumi ba su yi. Ki gwada maganaɗisu a gindin tukunya kafin ki saya, in ya manne to za ta yi.

Ɗalibi a Alƙahira: Anti ku naku na masu aure ne. Mu huɗu ne gwauraye, ba wanda ya taɓa riƙe ludayi a gidansu. Tukunyar gas ta ƙare ana tsakiyar girki, sai da muka jira mai sayarwa ya zo wucewa yana ƙwanƙwasa ta da ƙarfe. Shinkafar Masar gajeriya ce mai danƙo, muka maka mata ruwa irin na gida ta caɓe, babban cikinmu ya ce a tuƙa kawai. Haka muka ci tuwon shinkafa ba da niyya ba.

Amaryar Manchester: Malam ai kun ci riba 😂 da wace miya?

Ɗalibi a Alƙahira: Kuɓewa ɗanya, ita tana nan a wadace, bamiya suke ce mata. Gishirin dai kar a tambaya.

'Yar Damagaram a Liyon: Ni muciya ce ta ba ni kunya. Na zo da kuka, na zo da daddawa a naɗe cikin leda uku, na manta muciya da maburgi. Na sayi garin semolina a shagon Larabawa, ina cikin tuƙi cokalin katakon ya karye biyu, tuwo duk gudaji, kukar ma da cokali mai yatsu na kaɗa ta. Da na kai loma ɗaya baki sai hawaye, na kira Mama a bidiyo na nuna mata, ta ce wannan ko almajiri sai ya yi tunani. Kuma na cinye tas. Warin daddawa ya kwana biyu a barandar bene, ban bari mun haɗa ido da kowa ba.

Maman Biyu, Hambug: Amarya ki rage wuta, manja ya narke kawai ki zuba albasa, ki kunna fankar da ke saman murhu ki rufe ƙofar kicin. Kar ki kuskura ki cire batirin na'urar nan ko ki rufe ta da leda.

Amaryar Manchester: To Anti na gode. Yau wake da shinkafa zan yi, man gyaɗa kawai. Attaruhu ma uku na samu a ɗan faranti, da na lissafa kuɗinsu a naira sai na mayar da biyu firiza.