An rubuta London a kan bindigar, amma hatimin na Birmingham ne

Mazaunin Leeds:
Assalamu alaikum. Na shekara 6 a Ingila, kuma tun ranar da na shiga gidan adana makamai na Royal Armouries da ke nan Leeds nake sha'awar ƙananan bindigogin Ingila na da, masu tashi da ƙyastu. A makon jiya na ga wata a wurin gwanjo, mai ita ya ce ƙirar London ce ta wajen 1780. An kuwa zana sunan London a saman bututun, sai dai a gefensa akwai ɗan hatimi mai sanduna biyu a gicciye, da kambi a sama, da haruffan BCP. Shin wannan ya dace da shekarar da ya faɗa, ko in riƙe kuɗina?

Tsohon Maƙeri:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Hatimin da ka kwatanta na gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda dokar majalisa ta kafa a 1813, saboda haka bututun da ke ɗauke da shi bai shiga gwajin nan ba sai bayan wannan shekara. Na London daban ne: kambi a kan GP, da kambi a kan V, kuma ƙungiyar maƙeran bindiga ta birnin ce ke buga shi, wadda ta samu izinin sarki tun 1637. Maƙeran Birmingham da dama sun riƙa zana London a kan kayansu domin sunan yana jawo masu saye, don haka rubutun shi kaɗai ba shaida ba ne.

Ka sake dubawa da gilashin ƙara girma, domin akwai tsohon hatimin Tower, wato Hasumiyar London, mai sanduna a gicciye wanda ba shi da haruffa, kuma shi ya riga 1813. Idan har ka karanta BCP da idonka, to magana ta ƙare.

Mai Tara Kayan Tarihi:
Abin da Baba ya faɗa haka yake, amma ni abin da ya fi damuna shi ne ƙyastun kansa. Bayan da Alexander Forsyth ya yi rajistar sabuwar dabarar kunna albarushi a 1807, sannu a hankali aka daina yayin ƙyastu, aka cire wa tsofaffin bindigogi da yawa ƙyastun aka sa musu sabuwar dabarar. Da masu tarawa suka fara biyan kuɗi mai tsoka, sai wasu dillalai suka koma suna mayar musu da ƙyastun da sababbin ƙarafa. Na taɓa faɗawa wannan rami. Sai da na kawo tawa gida na haska ɗan ramin da wuta ke bi zuwa cikin bututu, na ga zoben walda kewaye da shi, ƙarfen wurin fes, alhali sauran jikin ya yi duhun shekaru. Darajarta ta faɗi nan take, dillalin kuma ya daina amsa kirana.

Idan ka saya, don Allah kada ka goge ta har ta yi ƙyalli. Duhun nan da ido ke ɗauka datti ne, shi masana ke biya. Ɗan mai a tsumma ya isa ya tsare tsatsa. Dokar makamai ta Birtaniya ta 1968 ta yarda a ajiye irin wannan a matsayin kayan tarihi ko ado ba tare da lasisi ba, amma ranar da ka yi niyyar harba ta, lasisi ya hau kanka.

Mazaunin Leeds:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma yau da gilashi da ƴar tocila, haruffan kuwa suna nan ɓaro-ɓaro. Ramin wutar ban ga alamar walda a kansa ba, saboda haka zan taya ta a farashin ƙirar Birmingham ta bayan 1813, idan mai ita ya ƙi sallamawa in bar masa kayansa.