Zan mayar da dawakina sabuwar barga a Mai Wurno

Mai Akawal: Salamu alaikum, 'yan uwa. Dawakina 2 suna birnin Wad Madani a Sudan, na samu barga kusa da gida a garin Mai Wurno. Me zan kiyaye?

Ɗan Sinnar: Alhaji, kada ka canja musu abinci farat ɗaya, ciwon ciki ke biyo baya. Ka ɗebo barsim (ciyawar da ake nomawa don dabbobi) da dusar da suka saba ci, kana gaurayawa da na can kaɗan-kaɗan, kwana 7 zuwa 10.

Baban Barga: Ku tashi bayan asuba, kafin rana ta yi zafi. A zuba yashi cikin motar saboda santsi, a sassauta ragama doki ya iya sunkuyar da kai. In sun isa, turkensu daban na mako 2, bokitin ruwansu ma daban.

Ɗan Sinnar: Ga damina kusa da kogi. Ƙananan ƙwarin magariba ke yaɗa cutar dawaki, a yi rigakafi tukuna.