Musayar Waƙa: Kundin Rabuwa da Hukuncin Masu Sharhi

Tauraruwar Asuba:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kundin farko na wata mawaƙiya mai rubuta waƙoƙinta da kanta ya fito. Daga muryarta sai jita da fiyano, kuma duk waƙoƙin a kan rabuwa da masoyi suke. Na karanta abin da masu sharhi suka rubuta a kansa, raina ya sosu. Ga nawa, mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah zan fara,
Ku matso ku ji, manya da yara,
Zancen kundin da aka saurara,
Aka bi shi da suka da yabawa.

Ita ta tsara, ita ta rera,
Ba ta ɗauko wani don ya gyara,
Jita da fiyano, ba ta ƙara,
Sai murya mai faɗin rabuwa.

Masu sharhi sun ce ta yi sanyi,
Wai kundin duka ya cika nauyi,
Waƙa bayan waƙa ba sauyi,
Kuka ɗaya take maimaitawa.

Wani ya ce ai ƙuruciya ce,
Soyayyar fari ce ta ɓace,
In ta girma duk za ta mance,
Ya ba ta maki na rainawa.

Ni tambayata gare ku, manya,
Wanda aka yasar a tsakar hanya,
Zance nawa ne a cikin zuciya?
Ɗaya ne tak, shi yake juyawa.

Da safe shi ne, da dare shi ne,
A cikin taro ma dai shi ne,
In kundin nan duk launi ɗaya ne,
Gaskiyar ciwo ce, ba gazawa.

Dattijon Nazari:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in tsaya wa masu sharhi kaɗan, don ba duk maganarsu ce abin zubarwa ba.

'Yata, na ji ki, ban kuma ƙi ba,
Ciwo na gaske ne a muryarta.

Amma mai sharhi ba mai lallashi ba ne,
Aikinsa ya auna fasaharta.

Hawaye kowa na da nasa,
Mai da shi waƙa ne ke bambanta.

In tausayi ne ma'aunin kundi,
Kowace mai kuka sai mu naɗa ta.

A 1948 kamfanin Columbia ya kawo dogon faifai,
Waƙa ta samu fili ta miƙe ƙafarta.

Minti 20 da ɗoriya a kowane gefe,
Sai tsara jeri ya zam wajibinta.

Kundi tafiya ce, hawa da gangara,
A ɗaure mai ji, a kuma sassauta.

Na bi shi tun farko har ƙarshe,
Tsakiyarsa ta yi mini tsawo, 'yata.

Waƙoƙi a jere, taki iri guda,
Sai ka rasa wacce ce ta gabata.

Wanda ya faɗa mata wannan a yau,
Shi ne mai son ganin gobenta.

Mai cewa ƙuruciya ce kuwa,
Ban bi shi ba, ya zalunce ta.

Makaɗin Jita:
Baba, a gafarce ni, zan sa baki ta ɓangaren sana'ata.

Baba, zancenka abin dubawa,
Ni mai jita ne, ina bugawa,
Sanyin nan da ake ta kushewa,
Wallahi shi ya fi wuyar aiki.

Kiɗa mai yawa na rufa asiri,
Murya ta kauce, a bi ta da sauri,
Na'ura ta daidaita ta da tsari,
Mai ji ba zai gane ba, sai ɗoki.

Ita ko ta bar mana har numfashi,
Da rawar murya can ƙarƙashi,
Ƙarar yatsa a tsirkiya, ka ji shi,
Kamar kana zaune da ita a ɗaki.

Dandalin waƙa na Spotify ba ya ƙirga saurare,
Sai an kai sakan 30 a jere,
Shi ya sa mawaƙa ke ta tsere,
Su jefa amshi tun buɗe baki.

Ita ta ƙi tsere, ta yi shimfiɗa,
Ta jinkirta murya, ta saki kiɗa,
Sai da ka natsu sannan ta faɗa,
Ga sabuwar shiga, abin mamaki.

Shafin Metacritic na auna kundi bisa 100,
Ya tattaro sharhi jeri-jeri,
Ya mai da su lamba, ba dogon nazari,
Wasu ba su ji waƙar ba, sun ga maki.

Mai Jinya:
Yayyena da ƙannena, ni ba manazarciya ba ce, a asibiti nake aiki. Maganar nan ta cewa ƙuruciya ce ita ta tsaya mini a rai.

Mai cewa za ta mance in ta girma,
Ya zo ya ga masu haɗiyar ɗaci.

A 1990 likitoci a Japan
Suka bayyana ciwon da tushensa ƙunci.

Takotsubo suka sa masa suna,
Tsokar zuciya kan raunana na lokaci.

Mutum ya zo da ciwon ƙirji,
Numfashi sama-sama, ba sassauci.

A duba jijiyoyi, ba toshewa,
Baƙin ciki ne ya yi zalunci.

Ya fi yawa ga matan da suka manyanta,
To ina zancen yarinta da sakarci?

A 2014 kuma masana a Jamus
Suka tambayi mutum 772 kan waƙar takaici.

Begen abin da ya wuce suka fi ambata,
Da lallashin rai mai muhimmanci.

Wanda ya kunna kundin nan da dare,
Ba ciwo yake nema ba, sai zumunci.

Wanda Aka Bari:
Anti Mai Jinya, Allah ya saka. Ni ba ni da ilimin waƙa, ga ɗan abin da ke raina.

Ban san maki ba, ban san nazari ba,
Na san dai an bar ni ban shirya ba.

'Yan uwa sun ce in daure in manta,
Na daure, amma ban manta ba.

Kundin nan bai ce in yi hanzari ba,
Bai ce laifina ne ko nata ba.

Ya zauna da ni har na yi shiru,
Wannan masu sharhi ba su auna ba.

Dattijon Nazari:
Allah ya sanyaya maka, ɗana. Ga amsata ga makaɗi, da wani abu da ya fi tsakiyar kundin damuna.

Ɗana makaɗi, na ji bayani,
Numfashin nan ya taɓa har ni,
Amma tsakiya na nan da rauni,
Ban janye ba, kowa da kunnensa.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne,
Masu yabon ma wasu 'yan gulma ne,
Rabin sharhinsu bin diddigi ne,
Wane ne saurayin, mene ne sunansa?

Su tona baiti, su tona hoto,
Su mai da ciwonta abin rahoto,
Waƙar da ta sha wuya ta fito,
Ta koma shaida a kan laifinsa.

Mace in ta rera ciwon ranta,
Sai a ce sirrinta kawai ta karanta,
A mance gwanintarta wajen rubuta,
Namiji ko a yaba hikimarsa.

Tauraruwar Asuba:

Baba, a nan kam ina bayanka,
Na karɓi wannan daga bakinka,
Amma tsakiyar da ta gundure ka,
Ita ce wadda na fi komawa.

Farkon rabuwa akwai ihu,
Ƙarshenta a fara fita duhu,
Tsakiyar ce ke cinye ruhu,
Kwanaki iri ɗaya, ba motsawa.

Wani tsoron kuma na nan tafe,
In ta warke ta yi waƙar safe,
Masu cewa ta yi sanyi, a gefe,
Su ne za su ce tana kaucewa.

Makaɗin Jita:

Baba, roƙo ɗaya zan yi maka,
Ka maƙala abin sauti a kunnenka,
Ka bi tsakiyar a natse da kanka,
Hannun hagu a fiyano na wani aiki.

Murya na nan inda ta tsaya,
Amma kiɗan ƙasa na sauya hanya,
Yana sauka mataki ɗaya-ɗaya,
Lasifikar waya kan haɗiye shi ciki.

In ka ji, ka dawo ka faɗa mana,
Wacce za ka cire, ka nuna mana,
Ni ko zan naɗo da jitar hannuna,
In turo maka, ka sake ba da maki.

Dattijon Nazari:
Turo, ɗana, zan saurara yadda ka ce. Amma ka shirya, don ba a kan kiɗa kaɗai zan dawo ba.

Ko da kiɗan ƙasa ya sauya hanya,
Akwai biyu da kalmominsu suka maimaita.

Zan jero baitocinsu gefe da gefe,
Ka zo ka kare su, kai da 'yata.