Firiza biyu da janareta suna cinye ribar shagona, ta ina zan fara ragewa?

Mai shago a Agege:
Assalamu alaikum. Ina sayar da lemo, ruwan leda da zoɓo, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na rage tayar da janareta, sai kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da aka ware wa wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, layinmu kuwa yana cikin wannan rukuni. An ɗan sassauta daga baya, amma bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Ina da firiza biyu, fanka ɗaya da ƙwan lantarki huɗu. Wani ɗan'uwa ya ce in ci bashi in saka sola. Shin wannan ce mafita?

Mai gyaran firiza, Mile 12:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka ci bashi kafin ka san abin da ke shan wutar. Idan mitarka mai kati ce, ka rubuta yunit ɗin da ya rage lokacin rufe shago, ka sake dubawa da safe. Abin da ya ragu cikin dare, firizarka ce ta sha. Washegari ka kashe ɗaya, ka maimaita awon, sai ka gane wacce ta fi ci.

A yawancin shagunan da nake zuwa, matsalar tana cikin robar bakin ƙofa. Ka saka takarda a bakin murfin, ka rufe, sannan ka ja. Idan ta zare ba wuya, sanyi yana fita ta nan, kwamfuresa kuma, wato injin da ke samar da sanyin, ba za ta huta ba. Canjin roba ba ya kai kuɗin man kwana kaɗan. Haka nan ka janye firizar daga jikin bango da tazarar kamar tafin hannu, ka goge ƙurar da ta taru a bayanta, kada kuma ka bar ta inda rana ke dukanta, domin masu shago suna son ajiye ta a bakin ƙofa saboda masu saye su gani, alhali nan ne zafi ya fi yawa. Ƙanƙarar da ta yi kauri a jikin bangon ciki ma tana hana sanyi isa ga kaya, sai a narkar da ita. Zoɓo kuwa, a bari ya huce sosai kafin a saka shi.

Tela a Idi-Araba:
Ina goyon bayan maganar mai gyara, sai dai kada a raina ƙwan lantarki. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Tsohon ƙwai mai wat 60, idan guda huɗu suka yi awa 10 a kunne, sun sha yunit 2.4 a rana, yayin da ƙwan zamani na LED mai wat 9 guda huɗu ba za su kai rabin yunit ba. Bambancin ya kai yunit 60 a wata, wato fiye da naira 12,000 a farashin rukuninku. Ni a shagona dutsen guga ne babban mai ci, shi ya sa nake tara ɗinki in goge a zama ɗaya. Tambayata ita ce, kai kaɗai ne a kan mitar? Na shekara ina raba kuɗin wuta daidai da maƙwabcina mai aski, sai da muka saka ƙaramar mita kowa da tasa na gane ina biya masa.

Hajiya mai ƙanƙara, Obalende:
Ɗana, ni ban ƙi sola ba, amma a yi ta daki-daki. Na fara da farantin sola da batir na fitilu da fanka kawai, na daina tayar da inji don haske, wanda shi ne asarar da ta fi ciwo, domin janareta yana shan mai ko da kayan da ke kansa kaɗan ne. Ɗora firiza biyu a kan sola yana bukatar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da batura masu tsada, tunda kwamfuresa tana jan wuta da ƙarfi lokacin tashi. Idan an ɗauke wuta, firizar da take cike tana riƙe sanyi awanni da yawa muddin ba a yawan buɗe ta, saboda haka nake daskarar da ruwa a jarkoki in cike gurbin da babu kaya, in kwashe na sayarwar yini zuwa cikin kula mai riƙe sanyi da safe.

Mai shago a Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mitar tawa ce ni kaɗai. Na gwada takardar yanzu, ta zare daga tsohuwar firizar ta gefe biyu. Na kwashe kayanta zuwa sabuwar, zan bar ta a kashe yau da dare, in duba mita bayan sallar asuba.