Na haddace fomulolin Fiziks, amma a jarrabawa kaina ɗaukewa yake

Ɗalibi daga Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara, abin ya ishe ni. Karo na biyu ke nan zan zauna JAMB, injiniya nake so in karanta a Jami'ar Jos, bara kuma Fiziks ce ta ja ni ƙasa. Da safe ina taya Baba a shago wajen Taminus, sai bayan la'asar nake dawowa, ga ƙanne biyar a gida, babu inda mutum zai buɗe littafi. Shi ya sa nake karatu daga sha ɗaya na dare zuwa biyu, cikin sanyin nan, da fitilar waya in an ɗauke wuta. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo v = u + at. Amma da na ga tambaya sai in rasa wace fomula zan ɗauko. Yayana ya ce in haƙura in koma kasuwanci.

Malamin sakandare, Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, hadda kake yi, ba Fiziks ba. Amsa min wannan: an jefa dutse sama da gudun mita 20 a sakan, g (wato jan da ƙasa ke yi wa abu) kuma 10. Sakan nawa zai kai ƙololuwa? Tambayar ba za ta faɗa maka cewa a can sama gudunsa sifili ne ba, kai za ka gano. Da ka gane haka, sakan 2 ne, tsayin kuma mita 20. Ka rufe littafi, ka zana dutsen, ka rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema, sannan fomula ta zo da kanta. Tambaya biyar kullum da biro ta fi shafi talatin da ido.

Ɗaliba a Naraguta:
Malam, JAMB ba ta jiran zane. Tambaya 180 a awa biyu, 40 na Fiziks. Ni tsofaffin tambayoyi na bi ina ɗaukar lokaci da agogo, kuma na ci.

Malamin sakandare:
'Yata, wanda bai gane ba, da an sauya lamba ɗaya ya faɗi. Sauri yana zuwa ne bayan fahimta.

Wani uba, Nasarawa Gwom:
Ni abin da ke ci min rai makarantun ne. Ɗana ya yi shekara uku muna biyan kuɗin ɗakin gwaji, bai taɓa riƙe amita, na'urar auna wutar lantarki, ba sai ana saura mako biyu WAEC. Dokar Ohm ta wutar lantarki a allo kawai ya san ta. Yaya yaro zai gane?

Malamin sakandare:
Gaskiya ne Alhaji, amma wani gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Zare, ƙaramin dutse da agogon waya: ka ƙirga lilo 20, ka raba lokacin gida 20, ka ƙara tsawon zaren ka sake. Kai kuma ƙanena, yaya lissafinka? Ka iya juya fomula ka fitar da t, wato lokaci? Kuma karatun tsakar dare bayan wunin shago ɓata barci ne. Koma bayan asuba.

Ɗalibi daga Unguwar Rogo:
Na gode Malam. Amma asuba ba za ta yiwu ba, ni nake ɗebo ruwa. Kuma hadda ta taimake ni, da ita na ci Kemistiri. Ina ganin lokaci ne kawai ba ya isata.

Malamin sakandare:
Ba ka amsa maganar lissafin ba.

Ɗaliba a Naraguta:
Ka nemi abokin karatu ɗaya, ranar Asabar ku riƙa yi wa juna bayani.

Ɗalibi daga Unguwar Rogo:
Asabar ce ranar da shago ya fi cika, Anti. Akwai wanda ya san inda ake darasin dare mai sauƙin kuɗi kusa da titin Bauchi?